Dutsen Taimamar Wakili

Saura wata biyu Malam Hadi ya ajiye aiki, kuma in gaskiya za a bi, zuciyarsa ta riga shi yin ritaya da shekara biyar, gangar jikin ce kawai take zuwa sa hannu. Shekara talatin da biyar ke nan yana abu guda: a kawo masa dutse, ya yanko sala, ya manna ta a jikin gilashi, ya yi ta gogawa har ta fi gashin kai siranta, haske ya riƙa ratsa ta, sannan ya sa ta a ƙarƙashin madubin bincike ya faɗi ma'adanan da ke ciki. A Kaduna ya fara, daga baya aka kwaso su aka zube a Abuja, a wani ɗakin gwaji na gwamnati da ke bayan Garki, inda fanka ɗaya ke juyawa, ɗayar tana kallonta.

Lokacin kuwa ƙasa ta yi kuɗi, in ji rediyo. Soja sun koma bariki, mai ya yi daraja, kowa ya rataya wayar salula, benaye suna tsirowa a Abuja kamar ana korar su daga ƙarƙashin ƙasa. Shi dai Hadi rabonsa a arzikin bai wuce cunkoson Nyanya ba. Kullum awa biyu a tsaye cikin bas, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a aljihu saboda 'yan sane. In ya iso ofis kuma ya tarar da masu jiransa, domin a shekarun nan duk wanda ya yi tuntuɓe da dutse mai ƙyalli sai ya naɗe shi a tsumma ya taho yana murmushi. Hadi ya duba ya ce ba zinariya ba ce. Ya duba ya ce ba tantalayit ba ne. Mai gatarin aradu ya ce daga sama ya faɗo, Hadi ya ce mutanen da ne suka sassaƙa shi. Ya gaji da kashe wa bayin Allah gwiwa, ya gaji da ganin yadda murmushi ke bushewa a fuskar mutum, har ya zama tun kafin a kwance tsumma yake jin nauyin amsar.

Abu ɗaya ne bai mutu a ransa ba, shi ma ba ya faɗa wa kowa don kada a yi masa dariya. A durowarsa akwai wani tsohon littafi da bango ya rabu da shi, cike da hotunan salar duwatsun da aka ɗebo daga duniyar wata. Tun yana saurayi yake kallonsu har ya haddace. Yana so, ko sau ɗaya kafin ya tafi, ya leƙa madubi ya ga abin da ba na duniyar nan ba, a rubuta cewa Hadi ne ya fara gane shi.

A bakin get ɗin ofishin akwai maigadi, Baba Wakili, mutumin Damagaram, dogo, mai ƙarancin magana da yawan zolaya. Shekara tara suna sallar azahar da la'asar tare a kan tabarma ɗaya, su biyu, a inuwar ɗakin gadi. Wakili ba ya kiran Hadi da sunansa, Mahauci yake ce masa, wai don yana yanka duwatsun mutane. A damunar nan ne wata cutar fata ta kama tsohon, hannuwansa suka farfashe har suna tsattsafo da jini, likita ya hana shi yawan taɓa ruwa. Ran nan Hadi ya dawo daga alwala yana yarfe hannu, sai ya ga Wakili ya zaro wata 'yar jakar fata, ya fito da dutse kamar dunƙulen hannu, ya ɗora tafukansa a kai, ya shafi fuska, ya sake ɗorawa, ya shafi hannuwa. Taimama yake yi.

Hadi ya tsaya da ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Dutsen toka-toka ne mai duhu, da fararen gutsattsari a watse a jikinsa, manya da ƙanana, masu kusurwa. Gefe ɗaya ya goge sumul yana sheƙi.

"Baba Wakili, ina ka samo wannan?"

"Mahauci ya ga nama," in ji Wakili. "Gado ne. Mahaifina da ayarin gishiri yake tafiya, Agadas zuwa Bilma. Can ruwa na sha ne kawai, ba wanda ke ɓata shi a alwala. Ya ce a fili ya tsince shi, farin rairayi iya ganinka, tafiyar kwana uku ba dutse ko ɗaya, sai wannan shi kaɗai a kwance kamar an ajiye masa."

Hadi ya matso kusa. Dutse ba ya zama shi kaɗai inda ba tsauni, sai in ruwa ya kawo shi ko mutum ya yar, ko kuwa daga sama ya zo. Ya karɓa ya jinjina, ya ciro ɗan maganaɗisun da ke maƙale da makullansa ya kara, da ƙyar ya ji alamar ja. Ya shafa gefen mai sheƙi.

"Nan hannunsa ne," Wakili ya ce. "Shekara arba'in yana ɗorawa. Ni ma daidai nan nake ɗora nawa."

Da suka idar da salla Hadi ya roƙe shi aron dutsen. Ɗan gutsure kawai zai cira, bai kai farcen babban yatsa ba. Wakili ya daɗe yana kallon harabar ofishin, wadda aka shafe da siminti tun daga get har gindin katanga, katangar ma fenti ce sama da ƙasa. A garin nan samun ƙasa mai tsarki sai mutum ya ɗingisa zuwa bayan shinge, inda ba a san wanda ya tsuguna ba.

"Amana ce, Mahauci," ya ce, ya miƙa masa har da jakar. "Juma'a ka dawo mini da shi yadda yake."

Aikin wuni ɗaya ne, amma sai da ya ci kwana uku, don ana kawo wuta ne kamar ana ba da aron ta. Hadi ya yanki gutsuren daga wata kusurwa da ta ɗan taɓa gefen mai sheƙi, ya raba shi biyu. Rabi ya manna a gilashi, ɗayan rabin ya jefa a aljihun rigarsa, kamar yadda kowane mai wannan sana'a ke ajiye guntu ko da sala za ta fashe. Ya zauna yana gogawa da hannu a kan faranti, yana zagayawa, yana ɗagawa ya duba. Masu sana'ar suna da ma'auninsu: sai su nemi ƙwayar kwaz, farin ma'adinin nan da ke cikin yashi da kusan duk dutsen Abuja, in launinta ya koma fari-fari a madubi, to sala ta yi daidai, a daina goga. Hadi ya nemi kwaz bai gani ba. Ya zagaya salar daga wannan baki zuwa wancan, ko ƙwaya ɗaya babu.

Ya goge tabarau, ya sake leƙawa a hankali. Fararen gutsattsarin nan duk ma'adinin felsfa ne, irin mai yawan alli, a farfashe, wasu sun narke sun koma gilashi. Tsakaninsu ga 'yan ƙwayoyin firoksin da olibin suna walƙiya da launuka in ya juya faifan madubin. Ba yumɓu, ba ƙyalƙyalin maika, ba wani ma'adini da ruwa ya taɓa haifarwa, in ban da ɗan gishirin hamada da ya kutsa tsagogi daga waje. Can a gefe kuma ya ga wasu 'yan ƙwallaye na gilashi, zagayayyu sarai, ƙanana ƙwarai. Ya san su. Shekara talatin da biyar yana ganinsu a shafi na tamanin da ɗaya na tsohon littafin durowarsa. Ya ɗago kai, ya ji tsoro ya fi murna yawa. Ya rufe salar da siririn gilashi yadda aka koya masa, ya tafi neman shugabar ɗakin gwajin.

Dakta Clara mutuniyar Pankshin ce, ta yi karatu a waje ta dawo da niyyar gyara duniya, yanzu kuwa aikinta rubuta takardar neman man janareta. Ta zo ne don kada ta kunyata dattijo. Ta zauna, ta leƙa, ta juya faifan. Sannan ta ɗago kai.

"Baba Hadi, wa ya ba ka wannan?"

"Maigadinmu."

Ta sake leƙawa, sannan ta jingina da kujera ta rufe ido.

"Ka san duwatsun wata gida uku ne," ta ce. "In ka kalli wata, akwai farin wuri, akwai baƙin tabo. Farin tsaunuka ne, kusan duk felsfa. Baƙin kuma aman wuta ne da ya malala ya daskare, firoksin da ƙarfe sun fi yawa. Na uku gauraye, an daka su tare. Wannan naka, in shi ne, ɗan farin gida ne, kuma daga saman ƙasar wurin, shi ya sa kake ganin ƙwallayen gilashi. Duwatsu ne suka yi ta faɗowa suna daka shi, zafi yana curawa, har wani babba ya buge shi ya fito."

"In shi ne," Hadi ya maimaita.

"In shi ne. Ido ba ya yanke hukunci, Baba. Sai an sa shi a injin da ke auna ƙarfe da manganis a cikin ƙwaya ɗaya ɗaya. Na wata awonsa daban, na duniya daban. Ba mu da injin a nan, kuma salarka ka rufe ta, injin ba ya karanta abin da ke bayan gilashi. Sai mun aika gutsure waje, giram ashirin, su ajiye a wurinsu. In ya tabbata, za su ba shi suna da lamba, su rubuta wanda ya gano." Ta dube shi, karon farko cikin shekaru ya ga idonta da rai. "Sunanka ne zai shiga, ba nawa ba. Amma ba a fitar da dutse daga ƙasa sai da wasiƙar darakta, darakta kuma ba ya sa hannu sai dutse yana da lambar ofis."

Ranar Juma'a ce. Hadi ya sauka bakin get da dutsen a hannu, ya zauna kusa da Wakili ya kwashe labari ya gaya masa, bai rage komai ba. Tsohon ya saurara yana sosa bayan hannunsa.

"Wata dai? Wanda muke leƙe da azumi?"

"Shi."

"To, Mahauci, ka jawo mini magana. In ba ƙasa ba ce, sallolin mahaifina fa?"

Hadi ya ce shi ba malami ba ne, amma duk abin da ke cikin dutsen akwai irinsa a duwatsun Mpape da ake fasawa ana gina Abuja. Abu ɗaya ne ya raba su: inda aka halicci wannan, ruwa bai taɓa sauka ba.

Wakili ya yi dariya har da tari. "Ashe gwanin taimama ne tun asali. Bar shi, a ƙasa aka same shi. Baƙon da ya kwana shekara dubu ai ya zama ɗan gari." Ya karɓi dutsen ya duba inda aka yanka, ya ɓata fuska kaɗan, ya mayar. "Giram ashirin ɗin nawa ne?"

"Kamar goro ɗaya. Daga bayansa zan cira, ba zan taɓa wurin hannun ba."

"Na ƙara maka mako guda. Ƙafata ta gaji da zuwa bayan shinge."

Ranar Litinin Hadi ya kai dutsen wurin Thaddeus, mai rajistar samfur. Thaddeus mutum ne mai son aikinsa fiye da kima, biro uku a aljihu, kuma a wurinsa abin da ba ya cikin fom ba ya cikin duniya. Ya juya dutsen yana murmushi.

"Oga Hadi, wannan ba kankare ba ne? Irin shi plenti a bayan sabon gini."

"Lamba kawai nake so, Thaddeus. Ka rubuta, in ɗauki abina."

"Ba haka ake yi ba, oga. Samfur in ya shiga littafi, dole ya kwana a sito, gobe darakta ya ga shi a lis. Kuma fom ɗin yana da akwati biyu, sai na yi tik a ɗaya." Ya nuna da biro. Akwati na farko na duban ido ne, na biyu na cikakken bincike.

Hadi ya gaji. Tun safe yake bin fayil ɗin ritayarsa daga tebur zuwa tebur, an ce masa takardar haihuwarsa ta ɓata, ya kawo wata. Ya ce, "Sa duban ido," ya juya zai tafi, ya waiwayo ya ƙara da cewa dutsen nan ya fi duk abin da ke cikin ginin daraja, a kula da shi. Wannan kalmar ce ta kashe shi. Da ya fita, Thaddeus ya zauna ya yi tunani irin na mai ladabi: dutsen da ya fi komai daraja, a ce duban ido kawai za a yi masa kamar na 'yan tsumma? Raini ne. Ya soke, ya yi tik a cikakken bincike, ya ɗauko jan ƙyalle na gaggawa, wanda sai kayan manya ake ɗaura wa, ya ɗaura a bakin jakar fatar, ya kai sito da hannu biyu.

A ofishin nan kuwa, kowa ya sani, cikakken bincike a ɗakin niƙa yake farawa. Masu neman zinariya da kuza ne suka saba da shi, su kuma gari ake auna musu.

Washegari wata tirelar siminti ta kwanta a gadar Nyanya. Hadi ya yi awa huɗu a tsaye, gumin wani yana sauka a kafaɗarsa, kwandasta yana faɗa da mai kwandon tumatir. Bai damu ba, don a saninsa takarda takan yi wata uku kafin ta tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki. Sai dai ranar, cikin ikon Allah, an wayi gari da wuta. Leonard na ɗakin niƙa, mutumin kirki wanda bai taɓa makara ba, ya zo ƙarfe bakwai da rabi, ya ga jan ƙyalle, ya ce bari ya yi maza kafin a ɗauke. Ofishin da ya shekara bai gyara fanka ba, ran nan ya gama aiki cikin minti arba'in.

Sha ɗaya ta wuce Hadi ya shigo. Ya tarar da Leonard a baranda yana jiransa da fara'a, riƙe da leda mai lamba da jakar fata a ninke a kai.

"Oga, na gama maka shap shap. Ya yi laushi sosai, ko tankaɗe ba ya so."

Hadi ya karɓi ledar. Gari ne, toka-toka, da ɗumin inji a jikinsa har yanzu. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Sai ya zauna a kan matakala yana riƙe da ledar a cinya. Fara'ar Leonard ta dushe, ya fara cewa sori, oga, sori, bai ma san laifin da ya yi ba. Thaddeus ya fito da fom a hannu yana nuna tik ɗin, yana rantsuwa cewa girmamawa ce ta sa. Hadi ya dube su, ya nemi wanda zai ji haushi ya rasa, sai kansa. Shi ne ya karɓi amana ya kai ta ta kwana a sito don yana son ganin sunansa a takarda.

Dakta Clara ta ja shi ofishinta ta rufe ƙofa. Ta buɗe ledar, ta murza garin a yatsa, ta girgiza kai.

"Wannan ya tashi aiki. Haƙoran injin ƙarfe ne da manganis, abin da za a auna ke nan, kuma sun zuba nasu a ciki." Sai ta ɗago da sauri. "Baba, guntun fa? Ku ba kwa yanka sala ba ku ajiye guntu ba."

Hannun Hadi ya tafi aljihu da kansa. Yana nan, ɗan falle kamar farce, gefe ɗaya da sawun zarto, ɗaya gefen sumul.

"Ya isa," ta ce. "Tunda uwar dutsen ta hallaka, za su karɓi abin da ya rage in na yi musu bayani. Za su cinye rabi a gwaji, su ajiye rabi. Ba ni, yau ɗin nan zan rubuta wasiƙar, ni da kaina zan tsaya a kan darakta." Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara goma sha ɗaya ina nan ban yi abin da na karanta ba. Kai ma ka sani."

Ya sani. Ya kuma san cewa in ya miƙa mata, Wakili ba zai taɓa sanin akwai guntu ba. Ya juya shi a tafin hannu, babban yatsansa ya sauka a gefen mai santsi, ya ji yadda ya zauna daidai.

"Dakta, bari in je get tukuna."

"Ka bar shi a nan, ka je."

"Ba nawa ba ne," ya ce, ya mayar aljihu.

Bai iya sauka da azahar ba, a ofis ya yi sallarsa shi kaɗai, kunya ta hana shi. Sai da la'asar ya ja ƙafa ya tafi. Tsakanin ƙofar gini da get taku sittin ne, ya sha ƙirgawa, amma ran nan ya ji kamar Nyanya zai je a ƙasa. Wakili yana zaune a bakin tabarma, ya ga jakar fatar a hannunsa, fuskarsa ta saki.

"Mahauci ya cika alkawari har da ragin kwana."

Hadi ya durƙusa, abin da bai taɓa yi masa ba. Ya ajiye jakar wayam, ya ajiye ledar kusa da ita, ya faɗi yadda aka yi tun daga fom har inji. Bai ɗora wa Thaddeus ba, bai ɗora wa Leonard ba. Da ya gama, tsohon ya ɗauki jakar ya leƙa ciki, kamar mai zaton ko an yi kuskure, sannan ya kwance ledar ya daɗe yana kallon garin.

"Mai tsarki ne?"

"Ba abin da ya taɓa shi sai ƙarfe."

"To, zai yi taimama." Ya ɗora ledar a cinyarsa. "Sai dai dutse ba ya ƙarewa, Malam Hadi. Wannan kuwa kowace salla sai ya ragu."

Shekara tara bai kira shi da sunansa ba sai yau, kuma Hadi ya ji sunan ya fi zagi ciwo.

"Ba dutsen nake ji ba," Wakili ya ci gaba, idonsa a kan ledar. "Ban san kabarinsa ba, a hanya ya rasu, abokan tafiya suka kawo mana raƙumi da jakar nan. In na ɗora hannu a wurin nan, sai in ji kamar mun gaisa."

Hadi ya zo da magana a bakinsa, ya shirya ta tun daga matakala: akwai guntu, in ka yarda a aika, za a rubuta sunan mahaifinka ma. Ya san in ya roƙa, tsohon zai iya cewa a ɗauka, don mai kunya ne, kuma wanda aka yi wa babbar ɓarna ba ya tsayawa jayayya a kan ƙarama. Sanin hakan ne ya sa ya haɗiye maganar. Ya zaro guntun ya ɗora a tafin Wakili, gefen mai sheƙi yana sama.

"Wannan ne ya rage. Daga wurin hannun ne."

Wakili ya kai shi kusa da ido, ya ɗora babban yatsansa da ya farfashe a kai, ya rufe shi ruf. Ya daɗe a haka. Bai yi godiya ba, bai ce ya yafe ba, Hadi kuma bai sa rai ba. Daga baya ya saka guntun a jakar fata, ya ja bakin ya ɗaure, ya zura a aljihun ƙirji. Ya zuba garin kaɗan a murfin kwano, a hankali don kada iska ta ɗiba, ya ɗora tafuka, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa. Toka-tokar ta kwanta a gemunsa da cikin tsagogin fatarsa.

"Ta da iƙama," ya ce. "Lokaci na tafiya."

Daga tagar bene Dakta Clara tana kallonsu. Da Hadi ya ɗaga kai bayan sallama, ya ga ta saki labule. Wakili ya miƙo masa hannu kamar kullum, suka gaisa, ba wanda ya dubi idon wani. Sai da Hadi ya fita titi ya lura garin ya kama tafinsa, ya shiga layukan hannun ya zauna.

A bas bai kama ƙarfe da wannan hannun ba. Ya dunƙule shi a ƙirji tun daga Garki har Nyanya, ana tura shi yana tangaɗi, wata mata har ta tambaye shi ko ciwo ya ji. Ya isa gida ana kiran magariba, ya zauna a dakali ko takalmi bai cire ba. Matarsa Rahmatu ta leƙo, ta ga yanayinsa, ta kawo buta ta ajiye a gabansa ta koma ciki. Ya buɗe hannun ya duba a sauran hasken da ya rage. Liman ya ta da salla a masallacin layi, ya kai raka'a ta biyu, Hadi yana zaune. Sannan ya jawo butar, ya yi bisimilla, ya zuba ruwan.